Yatsana a Kan Jibs

Shekara goma sha ɗaya na yi ina ɗaukar tsani a bayan wani muhandis, injiniya ɗan Masar. Kamfaninmu ba na gwamnati ba ne. Baladiyya, hukumar gari ke nan, ita ke ba shi kwangilar duba tsofaffin gidajen Jidda, ya faɗi wanda zai zaunu da wanda za a kwashe mutanen ciki. Ni ban yi karatu ba. An ɗauke ni ne don ina da iƙama, takardar izinin zama, kuma in mun shiga unguwar Hindawiyya ni ke yi masa tafinta da mutanenmu.

Abin da na iya shi ne jibs. In an ga tsaga a bango, sai in kwaɓa farin garin nan in manna a kai, kamar faɗin tafin hannu. Bayan sati biyu mu dawo. In ya tsage, bangon tafiya yake yi. In bai tsage ba, halas, shi ke nan, gida ya tsira. Ina da wata ɗabi'a, kafin ya bushe nakan danna babban yatsana a gefe. Ba wanda ya sa ni.

Wata rana aiki ya kai mu gidan wata tsohuwa, ƙawar mahaifiyata. Ita ta yi mata wanka da ta rasu. Mutum tara ne a gidan, yawancinsu ba takarda, in an fitar da su ba mai ba su haya. Tsagar tana bayan sif ɗin kaya, tun daga rufi har ƙasa.

Ina kwaɓa jibs tana tsaye a kaina.

"Ɗan nan, wannan abin me yake yi?"

Na gaya mata duka. Wautata ke nan.

Da muka dawo, jibs fes, ko gashin tsaga babu. Muhandis ya zaro biro yana cewa yalla, mu tafi. Ni kuwa na tsaya ina kallo. Babu yatsana. Wani ya shafe nawa da sabo.

Ta ga na gani.

"Zo ka sha shayi," in ji ta da Hausa. "Ka bar Balarabe ya yi rubutunsa."

Na dubi rufin. Daidai ƙarƙashinsa katifun jikokinta ne a jere.

Na ce wa muhandis, "Wannan ba aikina ba ne."

Ya kankare da makullin mota. Nawa yana ƙasa, ya rabe biyu, ashana za ta shige.

"Ni na wanke uwarka," ta ce.

"Shi ya sa, Hajiya. Ba na son in zo tono ki."

"Allah ya ba ka lada, injiniyan tsani."

Aka shafa jan fenti a ƙofar, aka kwashe su. Ta ƙare a ɗaki ɗaya wurin wata 'yar uwa a unguwar Madain Fahd, sauran suka watse. Sau biyu na je, ba ta amsa sallamata ba.

Gidan kuwa shekara huɗu ya yi a tsaye ba kowa, ko bulo ɗaya bai faɗo ba, sai da katafila ta zo ta ture shi. Muhandis ya ce don nauyi ya ragu ne. Wataƙila. Shi ya yi karatu.

Na ci gaba da manna jibs har gwiwoyina suka ƙi hawa tsani. Amma tun daga gidan nan ban sake danna yatsana ba.