Saƙon Baba ga Inna da Na Kankare da Hannuna

A lokacin ni ake kira injiniya a gidanmu da ke Asata, cikin Enugu, don kawai ina da tsohuwar laftof kuma na iya tura wa mutane karatun malamai a waya. Baba ya tsufa yana sayar da albasa a Kasuwar Artisan. Da ciwo ya kwantar da shi, ya sa na ɗauki muryarsa yana faɗin wasiyya: iyakar gonarsa ta ƙauye, sannan saƙonsa ga Inna, mahaifiyarmu. Na juye a laftof, na goge ta wayar saboda ta cika.

Bayan rasuwarsa, saura kwana uku sadakar arba'in, baffanninmu sun riga sun kamo hanya daga Arewa don su ji da kunnensu, sai laftof ta fara wani ƙas-ƙas kamar ɓera a kwali. Ina taɓa muryar Baba sai ta tsaya cak. Na hau okada, wato acaɓa, zuwa wurin wani mai gyara, ya kara kunne, ya ce faifan ajiyar ne ya fara samun matattun wurare. Ya ce kada in sake kunna ta, in bar masa ya kwashe abin da zai kwasu a hankali, amma sai ya yi kwana biyar. Na ɗauka jan rai ne kawai. Na dawo gida da ita na sa manhajar da ke bin faifai tana gyarawa. Ta kai rabi aka ɗauke wuta, batirin kuwa dama ya mutu. Da aka dawo da wuta na sake daga farko. Da ta maƙale, har bubbuga ta na yi, yadda Baba ke yi wa rediyonsa.

Da na koma, mai gyaran ko faɗa bai yi min ba. Ya ce duk zagayen da na sa ta yi, ƙara kankare faifan take. Ɗan gutsure ya iya cetowa.

Ranar sadaka aka kunna. An ji iyakar gona, baffanni suka gyaɗa kai. Baba ya yi tari, ya ce saura maganar Hajiya, wato Inna, sai muryar ta yanke. Inna ta ce in mayar baya. Sau uku ina mayarwa. Ta tambaye ni ko na tuna abin da ya ce, tunda ni na riƙe wayar. Wallahi ban tuna ba, hankalina na kan caji a ranar.

Girman kai ne ya ci ni, na sani, kuma kunyar ba ta sake ni ba. Jama'a, in faifai ya fara kuka, ku kashe, a kwashe kayanku tukuna kafin a yi zancen gyara, kuma abin da ba shi da madadi kada ku ajiye shi wuri ɗaya. Har yau Inna takan ce in kunna mata tarin nan.