Tsumman Ranar Juma'a

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wawan wannan labari ni ne, ba ni da abokin tarayya. Karatuna aji huɗu ne, amma a harkar keke na ɗauki kaina shehi. Shekara arba'in ina hawan baƙin keke daga Fagge zuwa kasuwar Singa, inda nake awon sukari a rumfar wani ɗan uwa.

Bayan soja sun koma bariki, kayan gwanjo suka cika gari, sai babban ɗana ya kawo mini wani keke mai ƙatuwar taya, ya ce na hawan dutse ne. Na ce to, in na ga dutse a hanyar Singa zan hau. Birkinsa ba irin wanda na sani ba ne. Wani faifan ƙarfe ne a tsakiyar taya, takalman birki biyu, kowanne bai fi ɗan yatsa ba, suna matse shi.

Ina da al'ada. Duk safiyar Juma'a nakan wanke keke, in ɗiga mai a duk inda ke ƙara, in bi da wani tsummana da ya girmi autarmu. Faifan nan kuwa yana ƙara. Na ɗauko man keken ɗinkin uwar yarana, na ba shi rabonsa, ya yi tsit.

Washegari a bakin Singa na matse birki, keke ya ci gaba da harkarsa, muka shige cikin kurar wani mai dakon taliya. Na dawo gida gwiwa a kumbure. Uwar yara ba ta yi faɗa ba. Ta fito da sarƙa da kwaɗo ta rataye a ƙusa, ta ce ranar da birkin nan ya sake ƙin kamawa, ni da keke mun rabu. Tsoho marar keke kuwa zaman tabarma ya kama shi, sai an ga dama a kai shi unguwa.

Na tura keken har Sabon Gari, wurin wani mai gyara, Ibo haifaffen Kano, wanda Hausarsa ta fi tawa tsabta. Ya shafa faifan, ya sansana yatsa.

"Baba, soya shi za ka yi?"

Ya ce takalman sun sha mai, sun mutu, sai sabbi. Iri biyu ya ajiye mini a tafin hannu: mai taushi, ba ya ƙara amma yana saurin cinyewa, da mai haɗin ƙarfe, yana daɗewa amma yana da baki. Na juya su kamar na san abin da nake dubawa, na zaɓi na ƙarfe, don ni mutum ne mai son abu mai ƙarko. Ya goge faifan da sanfefa, ya wanke shi da sifirit, ya ɗaura. Ya ce ko yatsana kada ya taɓa wurin. Sannan wai sai na koya wa takalman faifan: in yi gudu, in matse a hankali, in saki kafin in tsaya, sau ashirin.

A titin tashar jirgin ƙasa na yi wannan karatu. Masu shayi suka bar tukunyarsu suna ƙirga mini. A na sha biyu wani ya tambaya ko a kira 'yan uwana.

Birki ya kama, ba ƙarya. Amma kuka yake kamar an taka jelar kyanwa. Tun daga bakin layi ake sanin na dawo. Kwana shida na jure. Ranar Juma'a na wanke keke, na ɗiga wa sarƙarsa mai, na kauce wa faifan kamar yadda aka umarce ni. Sai na ga ya yi ƙura. Ban sa masa mai ba, Allah shaida. Tsummana kawai na bi shi da shi, ciki da waje, har ya yi ƙyalli. Ban tuna cewa tsumman nan shekara da shekaru mai yake sha ba.

Na zaga layi, na dawo shiru kamar ɓarawo. A ƙofar gida na matse, keke ya wuce, sai da na ja ƙafa a ƙasa na tsaya a jikin tukunyar mai ƙosai. Kafin in shigo zaure, uwar yara na tsaye da sarƙa a hannu. Ashe kukan nan take sauraro kullum, da shi take sanin lafiya nake.

Ina kallo ta zura sarƙar a taya, ta datse kwaɗo, ta ɗaure makullin a bakin zani. Na gyara murya na ce ta tuna fa, shekara arba'in nake wannan harka, ba a taɓa koya mini ba.

"Malam," ta ce, "abu ɗaya ne a gidan nan yake gaya maka gaskiya da ƙarfi, sau biyu kana toshe masa baki."