Zumar Ɗan Kabewa

Jiya na dawo daga kasuwa da kwanduna fayau, ba kuma don na yi ciniki ba. A bakin titi na juye tumatirin, gefen inda wasu suka juye nasu, bayan dillali ya nuna mini ƙarara cewa kwandon ya fi abin da ke cikinsa daraja. Ina shiga gida na tarar da saƙon yayana Sale da ke zaune a Kano, wai mutumin da ke son gonarmu ta bakin kanal ɗin ruwan noman rani ya sake dawowa, in na gaji da wahala in yi magana a sallama masa. Gonar nan ita kaɗai Baba ya bar mana. Na zube a tabarma, sai na ji ɗana Abba yana ta ƙyaƙyata dariya a kan wayar uwarsa. Na leƙa. Wallahi Ɗan Kabewa ne, na katun ɗin da muke kallo muna yara, yana nan yadda na bar shi, ko furfura ɗaya bai yi ba. Nan take Iya Tasalla ta faɗo mini a rai.

Iya Tasalla ita ta haifi Baba. 'Yar tsohuwa ce ƙanƙanuwa mai kaifin baki, kuma duk ƙauyenmu na yankin Bunkure babu wanda ya kai ta saurin yankan tumatir. A wajenmu, da zarar an sako ruwa a kanal kowa sai ya yi dashe lokaci guda, tumatir ya nuna lokaci guda, kasuwa ta cika ta batse. Abin da ya ƙi sayuwa sai a yanka a shanya a fili ya zama kauɗa. Mu yara aikinmu korar awaki. In an yi magariba sanyi ya sauko, sai Iya ta haɗa wuta da kara a gefen shanyar, mu kewaye ta, tsamin tumatir na dukan hanci, kwaɗi na ta surutunsu a cikin kanal. Takan miƙa hannuwanta da ruwan tumatir ya cinye ga wuta, ta dube ni ta ce, "Maigidan da ba ya cefane, matso kusa kar sanyi ya mayar da ni bazawara." Daga nan ta ce, "Ga ta nan, da zafinta na sauke ta." Mu ce, "Zuba mana mu sha."

A shekarar da Kawu Bala ya sa satalayit da janareto a shagonsa ne muka san katun. Bayan la'asar ake nuna wani na wani ɗan halitta mai ƙaton kai rawaya, da abokinsa jaki mai fukafukai. Ba ma jin yarensu, don haka mu muka raɗa masa suna Ɗan Kabewa. Burinsa ɗaya ne a duniya, ya kai ga tukunyar zumar da ke rataye a jikin gajimare. Yau ya haɗa tsani, gobe ya hau jakin, jibi ya haɗiyi iska ya kumbura ya tashi sama. Kullum sai yatsansa ya kusa taɓa tukunyar, sai ya rikito ƙasa tim, ya baje kamar waina, can kuma ya girgije ya miƙe garau. Mu kuwa mu yi ta birgima a ƙasa don dariya.

Ba a jima ba muka fara yi wa Iya gyara a tatsuniya. In kura ta cinye wani, sai ƙanwata Hadiza ta ce, "Iya, ai a katun tashi yake yi." Ranar da abin ya ishi Iya, ta yafa mayafi ta ce, "Ku kai ni in ga marar kunyar da ya fi ni baki."

Ta zauna a kan benci, hanci kusa da gilashin talabijin. Da Ɗan Kabewa ya faɗo ya baje, Iya ta yi dariya har da hawaye, tana toshe baki da gefen mayafi. Sai ta juya wajen Kawu Bala.

"Bala, jiya ma haka ya faɗo?"

"Kullum haka yake, Iya."

"To gobe fa?"

"Gobe ma haka."

Ba ta ƙara yin dariya ba har aka gama.

A yammacin nan, a bakin wuta, ta ɗauko Ɗan Kabewa ta saka shi a tatsuniya, har uwa ta yi masa. Ta ce wata mata ce 'ya'yanta ba sa zama, sai ta je wajen aljanar da ke ƙarƙashin gadar kanal ta roƙi ɗan da ba zai mutu ba. Aljana ta ce ta ba ta, amma da sharaɗi: babu abin da zai zauna a jikin yaron. Ciwo ba zai zauna ba, ƙiba ba za ta zauna ba, abin da ya gani jiya ma ba zai kwana a kansa ba. Matar ta amince. Yaro ya tashi ya hango zuma a sama, ya hau, ya faɗo, gari ya taru ana dariya. Da safe ya farka ya ce, "Inna, kin ga wata zuma can? Yau zan sauko miki da ita." Uwar ta juya baya ta share ido, ta ce Allah ya ba da sa'a. Haka har ta tsufa ta mutu, shi kuwa yana nan yana haɗa tsani.

Sai Iya ta koma gyara wuta. Muka jira, ba ta ci gaba ba.

"Iya, ƙarshen fa?" in ji ni. "Ya sha zumar?"

"Kai maigidan, kanka kamar nasa. In ya sha, gobe me za ku je ku kalla?"

"To me ya sa ba zai haƙura ba?" in ji Hadiza.

"Ai ba ya tunawa, 'yar nan. Wannan ce kaɗai rahamar da aljanar ta yi masa. Ƙurunƙus, wuta ta ci nata, ku tashi ku ci naku tuwon."

Haushi ya kama mu, muka ce ta ɓata mana katun. Ban lura a lokacin ba cewa Baba yana tsugune a bayanmu yana tattara kauɗa a buhu, kuma shi take kallo tana ba da labarin. Duk shekara Baba yakan ce bana ce shekararmu. In tsutsa ba ta cinye ba, kasuwa ta karye. In kasuwa ta yi kyau, to shekarar ce ba mu da ko kwando guda. Yakan miƙe dai ya koma renon iri, amma ba garau ba. Kowace shekara yana tashi ne da ɗan ragi, bayansa ya ƙara sunkuyawa, har shekarar da bai tashi ba.

Yanzu na kai shekarun da yake da su a lokacin, kuma na gane Iya sassauci ta yi wa Ɗan Kabewa. Mu babu abin da muke mantawa. Na san yadda bara ta kasance, na san ta bara waccan, na san in aka sako ruwa dukkanmu za mu sake yin dashe tare, domin ruwan ba ya jiran kowa. Abin yana ci mini rai, kuma ban ga ta inda zai canza ba. Amma in na sayar da gonar, ban san wata sana'a ba, ban kuma san abin da zan nuna wa Abba in ce nasa ne ba.

Ina cikin wannan tunani Abba ya ɗago kai. "Baba, wai zai sha zumar nan kuwa?"

Na ce, "Ba zai sha ba."

Ya ce, "Ai na sani. Shi ya sa yake da daɗi." Ya mayar da ido kan wayar.

Da ya gama na karɓa na kira Sale. Na shirya maganata tsaf, zan ce masa mutumin ya zo a yi ta ta ƙare. Da ya ɗauka muka gaisa, ya ce, "To, me ka yanke?"

Na ji bakina ya ce, "Yaya, a ɗan dakata mu ga baɗi."

A hankali Sale ya ce, "Wallahi har muryar irin ta Baba ce."