Kakin Zuma a Murfin Birki

Ni baduku ne, ɗan baduku, kuma a duk Magariya babu wanda ya taɓa dawo mini da salka ya ce tana yoyo. Da wannan nake taƙama, har ta yi yawa. In na ga huda a jikin abin da ke riƙe ruwa, hannuna ƙaiƙayi yake yi sai na toshe ta.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona, wanda ya dawo daga sojan Faransa da abu ɗaya tak: farmi, wato takardar tuƙin mota. Ba shi da gonar kirki, bai iya wata sana'a ba, da takardar nan yake ci da iyalinsa. Yana tuƙa wa wani attajirin gyaɗa wata baƙar mota da ya saya a hannun Bature mai komawa gida, tsohuwa ce tukuf, ta girmi yaƙin da ya je ma. Kullum ya biyo ta rumfata sai ya tsaya ya ce bawansa, wai ni, ya fito ya gaishe shi, ni kuwa in ce ya kawar mini da wannan gwangwanin kafin hayaƙinsa ya ɓata mini fata.

Wata Laraba da hantsi ya zo ba da wasa ba. Ya buɗe gaban motar ya nuna mini wata 'yar tukunyar ƙarfe da ake zuba man birki a ciki. Man yana tsatsowa ta gefen murfin, duk ya cinye fentin wurin. Da ya kwance murfin sai ga robar cikinsa ta bushe ta tsage. Irinta sai Damagaram ko Kano, ga shi kakar gyaɗa ce, maigidansa ba zai yarda mota ta kwana biyu a ajiye ba. Ya ce in yanka masa fata daidai da ita, ya bar mini murfin ya tafi cin abinci.

Na zaɓi kirgi mai laushi, na fiƙe shi, na yanka zobe, ya zauna daram. Ina jujjuya murfin ina yaba wa kaina sai na ga wata 'yar huda a tsakiyarsa, ba ta fi bakin basilla ba. Na ce a raina, ashe ga ɓarauniyar, shi da sojancinsa bai gan ta ba. Na ɗumama kakin zuma na cusa mata, na goge da toka har ba a gane wurin. Ban faɗa masa ba. So nake in ya ga yoyo ya ɗauke, in tsokane shi a gaban jama'a cewa baduku ya fi direba sanin mota.

Yoyo kuwa ya ɗauke. Amma hudar nan da gangan aka yi ta, ta nan tukunyar ke shan iska, in an toshe ta man ba ya sauka yadda ya kamata. Wannan ban san shi ba sai bayan kwana tara, ranar da ya taka birki a gangaren shiga Bande ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Wani raƙumi na durƙushe a bakin hanya ana ɗaura masa buhunan gyaɗa. Motar ta karya shi, dole aka yanka shi, mai shi kuma ya samu targaɗe a kafaɗa.

Jandarma, 'yan sandan Faransa, suka kawo taubashina Magariya. Ina cikin mutanen da suka taru a ƙofar bariki, ina jin tafinta yana tambayarsa ko akwai wanda ya taɓa birkin ban da shi.

"Ni kaɗai ne," in ji shi.

Bai dubi inda nake ba. Wani bakanike yana lissafa wa jama'a abubuwan da kan kashe birki, da ya zo kan amfanin hudar murfin sai na gane abin da na yi. Taku goma ne tsakanina da tafinta. Tsoro ne ya riƙe ni, tsoron gidan kaso da kuma tsoron a ce gwanin salka ya yi karambani. Na juya na koma rumfa na ci gaba da ɗinkin guga. Aka karɓe farminsa, attajirin ya ɗauki wani direba, shi kuma ya kwashe iyalinsa ya koma Yekuwa wajen dangin ubansa, suka ara masa gona mai jigawa.

Damina huɗu na yi ina cewa sai an gama girbi zan je. Da na je, na same shi a bakin rijiya yana jan ruwa, ya rame, tafin hannunsa duk ya yi kanta. Muka zauna a gindin gawo na faɗa masa komai, ina faɗa ina jin kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Ya saurare ni har na gama.

"Na sani," ya ce. "Tun a Bande na kwance murfin na ga kakin, na cire shi da ƙaya kafin jandarma su iso. Kwana uku na ƙara a Magariya bayan an sallame ni, kayana a ɗaure. Na zaci za ka zo."

Na so ya zage ni, ko ya ɗaga mini hannu, da na fi jin sauƙi. Sai ya miƙe ya ce wa matarsa ta kawo wa baƙo fura, ya tambaye ni gida da kasuwa cikin ladabi, yadda ake tambayar wanda ba a sani ba sosai. Ya raka ni har bakin gari. Bai sake riƙe sitiyari ba har Allah ya yi masa rasuwa, bai kuma sake tsokanata ba ko sau ɗaya.