Ƙullutun da ke Ƙirjin Levi

Ruwa ake yi ran nan tun kafin a tashi sujada, irin ruwan Agusta na Kafanchan da ba ya ƙarfi kuma ba ya tsayawa. Fasto ya ce maza su fita, don Zumuntar Mata sun gayyato wata nas mai suna Emilia ta koya musu yadda mace za ta duba nononta da kanta. To ina za mu a ruwan nan? Muka maƙale a baranda, kusa da taga.

Levi yana cikinmu. Tare muka taso a kwatas ɗin reluwe. Ubansa gyaran hanyar jirgi yake yi, shi kuwa ya zama mai lodin citta a kasuwa. Buhun da mutum biyu za su yi nishi a kai, Levi shi kaɗai yake jefawa cikin mota. Da ƙarfin bayansa ya sa 'ya'yansa duka a makaranta. A kwaya, ƙungiyar mawaƙan coci, shi ne mai babbar murya, ga tsokana.

Ya dubi Samson, wani mai ƙiba a cikinmu. "Shiga mana, Samson. Naka ya fi na wasu a ciki."

"Tsohon banza," in ji Samson. "A gidan Ubangiji ma ba ka bari?"

Muna cikin dariya muryar nas ta fito ta taga. "Ki ɗaga hannu, ki danna da yatsu a hankali. In kin ji ƙullutu mai tauri, ko da ba ya ciwo, ko kan nonon ya shige ciki, kada ki jira."

Levi ya daina dariya. Ya ja ni bayan coci, ruwa yana dukanmu, ya buɗe riga.

"Eli, taɓa."

Na taɓa. Kan nononsa na hagu ya shige ciki, a ƙarƙashi ga wani abu kamar ƙwallon dabino, ba ya motsi. Namiji fa!

"Tun yaushe?"

"Tun kafin Kirsimeti. Na ɗauka buhu ne ya buge ni. Zipora tana shafa mini man zafi." Zipora matarsa ce, tana cikin coci a lokacin.

"Mu jira nas ɗin ta fito."

"A gaban matan nan? Gobe duk kasuwa ta ji Levi ya kamu da ciwon mata? Bar ni in mutu da rigata."

Ni ba mai yawan magana ba ne. Abin da na iya shi ne, kullum da safe in je kasuwa in zauna a bencin da ke kusa da inda yake lodi. Yana ɗaga buhu, ina kallonsa.

"Kai maye ne?" ya ce wata rana.

"Jiranka nake."

Sai da aka fara shanya sabuwar citta ya ajiye buhu ya ce mu je wajen nas ɗin. Emilia ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baba, maza ma suna kamuwa. Ba su da yawa, amma kunya tana sa su zo a makare." Ta tura mu babban asibiti a Kaduna. Suka ɗebi ɗan nama suka gwada, suka ce kansar nono ce.

Zipora ta zauna a ƙasa, ta ɗora hannu a ka. "Wayyo Yesu! Na zauna a coci ina duba nawa, ashe da hannuna nake shafa wa abin mai kullum!"

Aka yanke nonon, aka cire wani abu a hammatarsa. Maganin da suka ba shi bayan nan ya zubar masa da gashi, ya rame har da 'yan kwaya suka zo gaisuwa wasu ba su gane shi ba. Kasuwa ta ji. Wasu sun yi dariya, wasu sun koma gefe suna taɓa ƙirjinsu.

Levi yana nan da rai. Hannunsa na hagu yana kumbura, ba ya ɗaga buhu kuma. Yana zaune a rumfar citta yana ɗinke bakin buhuna, kuma yana zuwa Kaduna a duba shi duk lokacin da likita ya ce.