Gaisuwar Alhaji a Kan Agogon Ces

Na yi shekaru ina koyar da lissafi a Talata Mafara, kuma ɗalibi ɗaya ne tak ya taɓa roƙona ƙarin darasi, shi ma ba lissafin yake so ba. Allon ces ya gani a kan teburina, wasan nan da mutanen gari ke kira darar Turawa, ya tambaye ni me ya sa doki ke tafiya a karkace. A zango ɗaya na koya masa. A zango na biyu ya fara cinye ni, na ce sa'a ce. A na uku na daina cewa komai game da wasan, na koma ba shi shawara a kan zaman duniya, wadda ita ce mafakar duk malamin da ɗalibinsa ya wuce shi.

Ɗan Bakura ne. Bayan ya gama karatu ya ci gaba da wasa a waya da mutanen Indiya da na Masar, har wata makarantar kuɗi a Kaduna ta neme shi ya zo ya koya wa yara, daga can kuma ya riƙa shiga manyan gasa. Sai dai mahaifinsa, Alhaji, babban dillalin shanu, ya riga ya tsara masa rakiyar tirela zuwa Kudu. Shi kuwa ba zai taka ko tasha ba sai da izinin Alhaji. Shi ya sa ya zo ya roƙe ni in je in yi masa bayani.

Na tarar da Alhaji a zaure. Muka gaisa. Wanda bai san ƙasarmu ba zai ɗauka wannan jimla gajeriya ce. Sai da shayi ya huce sannan muka iso kan magana.

"Malam, ni abu guda nika son sani," in ji shi. "Wa ka biyan mutum don shi zamna shi dubi katako?"

Na gyara zama kamar zan fara darasi. Na ce kyautar gasa tana nan, amma 'yan ƙalilan ne a can sama ke rayuwa da ita. Yawancin ƙwararru koyarwa ce ke riƙe da su, wasu a makarantu, wasu ta waya, ɗalibi yana wata ƙasa malami yana ɗakinsa. Akwai ƙungiyoyin da ke ɗaukar mutum ya buga musu, kamar yadda ake ɗaukar ɗan ƙwallo. Akwai masu wasa a intanet jama'a na kallo, masu talla su biya su. Har na gaya masa akan gayyaci gwani ya kara da mutane da yawa a lokaci guda, yana zagayawa daga tebur zuwa tebur.

"Ba caca ta ba?"

"Ko kusa, Alhaji. Ba a jefa komai, ba a sa komai. Tunani ne zalla."

"To wanga da kac ce yana zagaya tebura, shi na gane. Haka nika zagaya shanu a kara." Ya shafa gemu. "Ku tara min masu yin ta, na Mafara da Bakura da Maradun. In ya kada su duka, shi tahi Kaduna da albarkata. In anka kada shi, tirela tana nan."

Na fito daga zauren nan ina jin kamar an ba ni ministan wasanni. A bisa babur na fara tsara gasa, kafin in iso Mafara na gama raba kyaututtuka a zuciyata.

Kyaututtukan zahiri sun fi wuyar samuwa. Kofin da na samu a kasuwa ɗan ƙwallo ne a kansa, ƙafa ɗaya a sama, na ce ai duk wasa wasa ne. Wani manomi daga Birnin Tudu, uban wani ɗalibina, ya ba da buhun shinkafa, wanda nan take ya zama ainihin abin da ake nema. Alluna muka tattaro daga gidaje. Ɗaya ba shi da baƙin doki, muka naɗa murfin kwalba ya riƙe muƙamin. Agogon wasa na gaske guda ɗaya na aro daga wani abokina a Gusau, na ajiye shi don wasan ƙarshe, sauran tebura aka yi da waya.

Dole in tsaya a kan agogon nan, don shi ne kan labarin. Fuska biyu gare shi, kowane ɗan wasa da tasa. In ka motsa ɗanka sai ka danna, lokacinka ya tsaya, na abokin karawarka ya fara tafiya. Wanda nasa ya ƙare ya faɗi, ko da saura taku ɗaya ya kama sarki.

Ranar Talata na zaɓa, cikin hutun makaranta, don ranar kasuwa ce motocin Bakura da Maradun ke cika gari, kuma kowa zai kama hanyar gida da sauran rana, yadda halin hanyoyinmu ya koya mana. Na yaba wa kaina wannan dabara ƙwarai.

Zo ka ga jama'a a ɗakin taron makaranta! Malamai, ɗalibai, wani tela, ma'aikatan asibiti biyu, da 'yan kallo da suka ji an ce za a yi dara a ci shinkafa. Na hau benci na karanta dokoki: ɗan da ka taɓa shi za ka motsa, ba a ba da shawara, ba a magana. Ta ukun ce ta tayar da ƙura. Mutanenmu sun saba da darar gindin bishiya, inda rabin wasan baki ne, a buga ɗa da ƙarfi a bi shi da gori. Wani dattijo daga Morai ya jure har zagaye na biyu, sannan ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

"Malam, wasa ba gori, ba kirari? Wanga zaman makoki na. In an raba shinkahwar ku aiko."

Bai tafi ba. Taga ya koma, inda yake ganin dokata ba ta kai ba.

Ɗan Bakura ya yi ta share tebur bayan tebur, ni kuwa ina zagayawa da fuskar alƙalin da ba ruwansa, zuciyata na tsalle. Bayan azahar saura mutum biyu, shi da wani mutumin Maradun, ma'aikacin ban ruwa na noman rani, magidanci mai raha wanda ke wasa kamar yana buɗe magudana, a hankali, sai ka farga ruwa ya kewaye ka. Na ɗora agogon Gusau a tsakaninsu. Ɗaki ya yi tsit, har na taga ya yi shiru.

Wasa ya yi nisa, allo ya fara yin fili, ɗan Bakura na da rinjayen soja guda, wato mafi ƙanƙanta cikin 'ya'yan allo, kuma lokacinsa ne ke tafiya, sai muka ji sallama daga ƙofa. Abin da ban lissafa ba, ni mai koyar da lissafi, shi ne ranar Talata duk dillalin shanun ƙasar nan yana Mafara. Alhaji ne, ya taso daga kara, da sandarsa da malum-malum.

Ɗansa ya sauko daga kujera ya durƙusa. Ba wanda ya ce ya yi, ba kuma wanda zai iya cewa kada ya yi. Alhaji ya fara da ni, tunda ni ne mai masauki.

"Malam, ina wuni? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya ɗawainiya? Ina muka ji da zahi?"

Ina amsawa, idona ɗaya a kan agogo. Ɗan yana ƙasa, kansa a sunkuye, ba zai tashi ba sai an iso kansa an sallame shi. Daga ni Alhaji ya wuce ga shugaban makaranta, daga shi ga dattijon taga, wanda ashe tsohon abokin cinikinsa ne. Lokacin yaron nan yana zuba kamar an huda buhu. Littafin dokokin da na haddace ya yi maganar ƙarar waya, ya yi maganar rashin lafiya, bai ce uffan ba game da uba.

Da aka iso kan yaron aka sa masa albarka, ya koma kujera, ya motsa ɗa cikin sauri ya danna. Abin da ya rage masa bai fi na shan kofin ruwa ba. Sai a lokacin Alhaji ya lura rabin ɗakin sun ɗora hannu a ka.

"Malam, lahiya? Wani ya rasu?"

Na matsa kusa na yi masa bayanin agogo a kunne. Ya dube shi yadda yake duban bijimi kafin ya taya.

"Wato gaisuwata ta ci mai lokaci."

"Ta ci, Alhaji."

"Yanzu na wa ka tahiya?"

"Na baƙonmu."

Alhaji ya jingine sandarsa. Ya gyara hannun riga, ya juya ga mutumin Maradun da fara'ar da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

"Bawan Allah, ka gahwarce ni, ban gaishe ka ba. Daga ina?"

Mutumin Maradun ya saki dokin da yake shirin ɗauka, ya zame daga kujera ya rusuna. Na miƙa hannu zan tsayar da agogo, sai baƙon ya ɗaga mini yatsa yana danne dariya.

"Bar shi, Malam. Ramuwa ta."

Ban taɓa jin gaisuwa irin wannan ba, kuma a ƙasar gaisuwa aka haife ni. Alhaji ya tambayi hanya, ya tambayi gida, ya tambayi mahaifa da sunan unguwa. Ya tambayi ruwan madatsa, ko ya ja baya bana. Ya tambayi shinkafa, ya tambayi tsuntsayen da ke cin shinkafar. Ya gano ya taɓa sayen bijimi a hannun kawun mutumin, ya tambayi kawun, ya kusa tambayar bijimin. Duk wannan yana satar kallon agogo. Da ya ga fuskokin biyu sun yi kusan daidai, sai ya tafa hannu.

"To madalla. Allah shi ba mai rabo. Ku ci gaba."

Abin da ya biyo baya ba zan iya kiransa tunani zalla ba. Hannuwa ne kawai ke tashi, ɗa ya sauka, agogo ya yi ƙara, ɗa ya sauka. Murfin kwalba ya faɗi ƙasa wani ya cafe ya mayar. Dokar shiru ta mutu ba wanda ya yi mata salla. Dattijon Morai ya zuro kai ta taga yana kirari, masu asibiti suna kan benci, ni kaina na ji wata murya tana ihun "Tura sojan! Tura shi!", na duba na ga tawa ce. Sojan nan guda ya ratsa allo ya kai ƙarshe ya zama sarauniya yadda dokar ces ta tanada, taku kaɗan bayan haka sarkin Maradun ya rasa wurin zuwa. Mutumin ya miƙa hannu yana dariya har da hawaye.

"Alhaji, ɗanka ya cinye ni a allo, kai ka cinye ni a ƙasa. Shinkahwar dai a ɗebo min mudu, na gaisu."

Aka miƙa kofi. Alhaji ya karɓa ya jujjuya shi, ya dubi ɗan ƙwallon da ke kai, ya dube ni, ya yi mini alherin yin shiru. Ɗansa ya sake durƙusawa, wannan karon ba agogo.

"Tashi," in ji Alhaji. "Ka tahi Kadunan. Amma ka riƙa gaida mutane tun daga ƙohwa, kahin a tada wanga abu." Ya ɗauki sandarsa, ya kai bakin ƙofa, ya waiwayo. "In kuma ka ga lokaci ya matse ka, ka aiko. Ban ko kai rabin gaisuwar ba."