Santimita Ashirin ɗin Ntate Thulo

Ƙarfe shida na safe Ntate Moeketsi Thulo, wato Baba Thulo, yake buɗe garejinsa da ke bakin Katlehong, kusa da Johannesburg, ko da aiki ko babu. Ya share ƙasa, ya jera sandunan walda, ya ɗora buta a kan risho. Idan ruwan shayi ya tafasa sai ya sauko da kofuna biyu, alhali shi kaɗai ne a garejin. Kofin nan na biyu ne ya sa na zauna rubutun nan.

Shekara ashirin da shida na yi ina tuƙa bas mai bene a Johannesburg, shi kuma ya yi talatin da takwas a sashen gyaran bodi na kamfaninmu. Mu direbobi ake ɗaga wa hannu a titi, mu ake yi wa godiya, mu ake zagi. Shi ba fasinjan da ya san fuskarsa. Amma duk wanda ya taɓa riƙe ƙarfen matakala yana hawa sama bas na tafiya, aikin Ntate Thulo ya riƙe. Da idona na sha ganinsa yana bin ƙarafan nan da tafin hannu, daga ƙasa har sama, yana neman inda zai yanki yatsan ɗan makaranta. Shekarar da ƙanƙara ta farfasa mana rufin motoci goma sha ɗaya a yamma guda, sati uku ya yi a kan tsani. Manaja ya samu takardar yabo, shi kuma ya samu ciwon baya.

Ya yi ritaya ya buɗe ɗan garejinsa. Bayan shekara biyu matarsa, Mme Puleng, ta rasu. 'Ya'yansa biyu suna Cape Town, sukan kira ranar Lahadi idan sun tuna. Mu abokan aikinsa kuwa, ni ne kan gaba a wajen cewa "zan leƙo" ba tare da na leƙa ba.

Ana haka sai Sisi Nolufefe ta faɗo masa. Tana cikin matan farko da suka tuƙa bas mai bene a kamfaninmu, gajera ce ƙwarai, sai ta ɗora matashi a kujera kafin ta hango titi, amma bakinta ya fi hon ɗin motar ƙara. Da aka yi gwanjon tsofaffin motoci, ta kwashe abin da ta samu na sallama ta sayi bas ɗin da ta shekara goma sha tara tana tuƙawa. Ta gaji da ɗakin haya. 'Yarta tana da fili kusa da teku a lardin Eastern Cape, ita kuma tana son gidan da za ta tuƙa da kanta zuwa can, ta kuma tashe shi duk ranar da suruki ya ɓata mata rai.

"Ntate, ga tsohuwata na kawo maka," in ji ta. "Ka fitar da kujerun nan, ka yi mini kicin a ƙasa, ɗakin kwana a sama."

"Sisi, ke da ko shayi ba ki iya dafawa ba, me za ki yi da kicin?"

"Kai za ka riƙa dafawa har ka gama. Sauko da kofi."

Wata goma sha huɗu suka yi a haka. Kullum da safe sai ta zo da magwinya, irin fanken can, masu zafi a takarda, su hau sama su zauna a gaban babban gilashin, su sha shayi suna kallon jiragen ƙasa, tana yi masa tsiya yana yi mata. Ya fitar da kujeru, ya shimfiɗa katako, ya ɗaura tankin ruwa can ƙasa don kada nauyi ya rinjayi motar a kwana. Ranar da na je kallo na tarar da shi yana dariya har da riƙe ciki. Rabona da jin dariyarsa tun kafin rasuwar Mme Puleng.

Ranar da za a kai motar gwaji don a sauya mata takardu daga bas zuwa motar zama, mu uku muka tafi. Birki ya wuce, fitilu suka wuce. Sai jami'in ya ɗauko sandar awo ya jingina da motar, ya ɗaga kai, ya sake ɗagawa.

"Mita huɗu da santimita arba'in da shida. Mama, ta yi tsawo."

Har muna haɗa baki ni da Ntate: "Iyaka ai huɗu da sittin da biyar ce!"

"Ta bas mai bene ke nan, Ntate. Wannan da kuka kawo mini akwai gado a cikinta da tukunya. Tunda ta bar zama bas, iyakarta huɗu da talatin, kamar kowace mota."

Shekarunmu a aikin, mu uku, sun haura tamanin idan aka haɗa. Lambar nan mun san ta kamar sunayenmu, shi ya sa ba wanda ya taɓa buɗe littafi ya duba. Ba mu taɓa kawo wa ranmu cewa lambar ta fita tare da kujerun ba.

A hanyar dawowa ni ne mai surutu. "A sace iskar taya mana kafin awo."

"Bra Velaphi," in ji Sisi Nolufefe, "santimita goma sha shida? Kai da aka sace wa iskar kai tun tuni, ka ragu da ko ɗaya?"

Ta faɗa da wasa, amma da muka iso gareji ta kasa sauka daga kujerar direba. Ta riƙe sitiyari tana kuka shiru. Duk abin da ta mallaka yana cikin motar nan, kuma motar ba ta da izinin hawa titi.

Abin da na faɗa wa Ntate a gefe, har yau ina jin kunyarsa. Na ce, "To ai shi ke nan. Ka bar motar a nan, ka jawo mata wuta da ruwa, ta zauna. Ga gida, ga maƙwabciya. Kai ma ka huta da zaman kaɗaici." Ya kalli motar, kuma na ga yadda maganar ta shige shi. Sannan ya ce, "Ba gidan da ke tsaye ta ce in yi mata ba."

Washegari ya cire gilasan sama duka. Ya tallafe rufin da jak takwas da katakai, ya bi ginshiƙan ƙarfe ashirin da biyu da ke riƙe da shi, ya yanke santimita ashirin daga kowanne, huɗun ƙari saboda fankar rufi. Ya sauke rufin a hankali, kaɗan-kaɗan, ya yi walda, ya yanko sababbin tagogi. Wata biyar, mutum mai shekara saba'in da ɗaya, hannunsa na dama ya fara rawa har sai ya tallafe shi da na hagu.

Da aka gama, Sisi Nolufefe ta hau sama ta tsaya cak, da sauran tazara a kanta. Ntate Thulo dogo ne. Ya biyo ta ya kasa miƙewa, sai ya tsaya a duƙe kusa da gilashin da suka saba zama.

"Ntate, ka yanke kanka daga ɗakin shayinmu."

"Da ma awonki na ɗauka, Sisi."

Awo na biyu, har da fankar rufin, ya nuna huɗu da ashirin da takwas. Wata safiyar Talata ta ɗora matashinta a kujera, ta rungume shi, ta danna hon sau uku, ta fita. Shi ya buɗe mata ƙofar garejin, shi ya tsaya a titi yana tare mata motoci.

Ntate, kai ne ka san sarai abin da kowane yanka zai raba ka da shi, kuma ka yi shi sau ashirin da biyu ba ka karkace ko sau ɗaya ba. Da ka ce ba zai yiwu ba, ba mai ƙaryata ka, don duk lardin Gauteng ba wanda ya fi ka sanin bodin motar nan. Gwanin ƙarfe, mai aikin da ba a gani sai ya lalace. Mun gode, a madadin fasinjojin da ba su san sunanka ba, da mu da muka sani muka yi sakaci.

Ƙarshen watan nan zai ajiye walda, hannun ya ƙi. Masu tasowa a sana'ar, ku je ku ga guntayen ƙarfe ashirin da biyu da ya adana a gwangwanin fenti, ku auna su ku ga ko akwai wanda ya fi wani tsawo, ku koyi aiki. Mu kuma tsofaffin direbobi, namu ya fi sauƙi.

Makon jiya na je da sassafe. Ya nuna mini hoton da ta turo, motar tana tsaye a kan tudu, teku a bayanta, wanki a rataye a madubi. Ya zuba shayi a kofuna biyun kafin ya tambaye ni ko zan sha.

"Ka san zan zo ne, Ntate?"

"A'a," in ji shi. "Kullum nake zubawa. Yau ne dai ba zan zubar ba."

Ƙarfe shida yake buɗewa. Ni na ɗauki Talata, sauran kwana shidan naku ne, direbobi.